Jaka arba'in a hannu, aji yana jirana: yaya zan haɗa kayan gwanjo in fito fes?

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a unguwar Yelwa a Garwa. Na samu aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, zan fara idan an koma karatu a watan Satumba. An ce malamai maza su riƙa zuwa da shat da wando, ban da ranar Juma'a. Ni kuwa kaftani biyu gare ni sai 'yan rigunan ƙwallo, abin da na tara kuma sefa 40,000 ne, wato jaka arba'in. Sau biyu ina sayen gwanjo ban ji daɗi ba: riga ɗaya kafaɗarta ta zubo min har damtse, wando ya yage a hantsa cikin sati biyu, warin dila ya ƙi fita, har na yi ƙaiƙayi. Abokai ma suna yi min dariya, wai kayan matattun Turawa. Ku ba ni shawara, ba na so in tsaya gaban yara a wulaƙance.

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka kama alli, da wannan sunan za mu kira ka. Allah ya sa ka fara a sa'a.

Jaka arba'in za ta fitar da kai, amma da sharaɗi biyu: kada ka shiga kasuwa da ita duka a aljihu rana ɗaya, kuma kada ka bar ido shi kaɗai ya yi maka zaɓi. Rigar nan ka saye ta ba ka auna ba, wandon ba ka juya cikinsa ka duba ba, sannan ka sa su kafin a yi musu wankin da gwanjo yake buƙata. Biyun farko ana iya kauce musu tun kafin kuɗi ya bar hannunka, na ukun kuma a gida ake maganinsa.

Bari mu kawar da maganar abokai tukuna, don kada ta bi ka kasuwa. Akasarin kayan nan daga wuraren tara tufafi suke fitowa a biranen Turai da Amurka, inda mutum yake zuba abin da ya gaji da shi ko ya yi masa kaɗan. Kamfanoni su tantance, su ware na maza da na mata, mai kyau da mai dama-dama, su matse a dila, galibi mai kilo 45 ko 55. Jirgin ruwa ya sauke a tashar Duwala, daga nan kaya su hauro arewa ta Ngaundare. A dila ɗaya akan tarar da rigar da ko sau uku ba a sa ba, wani lokaci har da takardar kanti a jikinta. Mutumin da ya wanke tufarsa ya goge, ya shiga aji ba bashin kowa a wuyansa, ba shi da abin sunkuyar da kai.

Aikin farko a shagon tela yake, ba a kasuwa ba. Ka je ya auna ka: wuya, faɗin kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, zagayen ƙirji, tsawon hannu daga kan kafaɗa zuwa wuyan hannu, ƙugu, cinya, da tsawon ƙafa daga hantsa zuwa idon sawu. Ka rubuta a takarda da santimita, ka sayi tef irin na tela, ka riƙa yawo da su biyun a aljihu. A rumfar gwanjo ba kasafai ake samun wurin gwadawa ba, don haka rigar za ka auna, ba kanka ba. Ka ɓalla maɓallanta, ka shimfiɗa ta, ka auna daga hammata zuwa hammata, ka ninka biyu. Abin da ya fito ya kamata ya ɗara ƙirjinka da santimita 10 zuwa 12. Idan ƙirjinka 96 ne, kana neman rigar da faɗinta a shimfiɗe ya kai 53 ko 54. Ƙasa da haka maɓalli zai riƙa buɗe baki duk lokacin da ka ɗaga hannu za ka yi rubutu a allo. Sama da haka sosai kuma ta zama buhu, ko da yake wannan tela yana iya ragewa.

Kafaɗa ce ba ta da gyara, kuma a nan muke so ka fi tsanantawa. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin riga ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗarka. Idan awon ya wuce naka da fiye da santimita 1, ajiye ta, ko da yadinta ya burge ka, ko da mai kaya ya ce kyauta ce. Gyaran kafaɗa sai an warware hannu da wuya an sake yanka, kuɗinsa ya fi na rigar, kuma da wuya ya zauna. Wuya ma haka: idan ka ɓalla maɓallin sama, yatsu biyu su shiga, ba huɗu ba.

Lambar da ke jikin kaya kada ka dogara da ita, domin dila ɗaya takan haɗo kayan ƙasa biyar. Wuyan riga 39 ko 40 na Faransa shi ne kusan 15½ na Ingila, don su da inci suke awo, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. A wando, 32 na Amurka da 42 na Faransa da 48 na Jamus duk suna iya zama ƙugu ɗaya, wajen santimita 81 zuwa 84. Ga shi kuma tufar da aka sha wankewa ta riga ta tsuke. Dabarar 'yan kasuwa ta zagaya ƙugun wando a wuya tana kusantar gaskiya ga siririn mutum, amma tana yaudarar mai ɗan tumbi. Tef ya fi ta. Wani abu kuma da samari da yawa suke faɗawa ciki: rigar maza maɓallanta suna hannun dama na mai sanye da ita, ta mata suna hagu. Duba wannan kafin komai.

To me za ka saya? Shat biyar, wando uku, takalmi ɗaya, bel ɗaya. Idan kowace riga tana tafiya da kowane wando, shiga 15 ke nan, kai kuma kwana huɗu kake buƙata a mako tunda Juma'a ta kaftani ce. Wannan ba ya yiwuwa sai launukan sun yarda da juna, don haka ka danne zuciyarka a kan riga mai ratsin ja da kore komai kyanta. A riguna: shuɗi mai haske guda biyu, fara ɗaya, mai siririn ratsi ɗaya, ruwan toka ko mai ƙananan gidan dara ɗaya. A wanduna: shuɗi mai duhu, ruwan toka, da kaki. Baƙin wando ba mu ba ka shawararsa ba. Garin alli yana kwanciya a kansa tun darasin farko, ƙurar hunturu tana mayar da shi ja-ja kafin ka sauka daga mashin, ranar Garwa kuma tana koɗar da shi cikin 'yan watanni. Farin wando shi ma ba na mai hawa mashin ɗin haya ba ne.

Yadi kuwa, garin da zafi yake wuce maki 40 a watan Maris da Afrilu ba ya son roba. Ka nemo 'yar takardar da ke ɗinke a gefen riga ta ciki. Coton, cotton, Baumwolle, algodón, duk auduga suke nufi. Lin, linen ko Leinen lilin ne, ya fi kowane yadi sanyi, sai dai yana yamutsewa kafin azahar. Auduga zalla ita ce zaɓinmu. Haɗin da auduga ta kai kashi 60 cikin 100 shi ma ba laifi, ya ma fi sauƙin guga. Polyester zalla tana riƙe zufa da wari, ka bar ta. Viscose tana da laushi da sanyi, amma tana tsukewa a wanki kuma ba ta da ƙarfi idan ta jiƙe. In an yanke takardar, ka damƙi yadin a tafin hannu ka ƙirga goma ka saki: auduga za ta bar alamun yamutsa, roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba.

Lokacin zuwa yana da nasa tasiri. Ka tambayi masu rumfa biyu ko uku ranar da suke fasa dila, ka iso da sassafe. Zaɓin fari, wanda suke kira premier choix, a sa'ar farko yake ƙarewa, don masu shaguna suna tsaye a kai, su tsince masu kyau, su wanke, su goge, su rataye da ninkin kuɗi. Tulin da ake zubewa a ƙasa da yamma yana da araha, amma ragowar abin da hannu ɗari ya juya ne. Ka yi sayayyarka a cikin Agusta, kafin cunkoson komawa makaranta. Gab da Salla ma kaya sukan hau. Kada ka saya da dare a hasken tocila, kuma idan rumfar an rufe ta da tamfol shuɗi ko ja, ka roƙi mai kaya ka fito da rigar rana. A ƙarƙashin tamfol shuɗi, hammatar da ta yi ɗorawa da wuya ka gane ta.

A ranar, ga yadda ake bin riga. Ka fara da wuya: ka buɗe kwalar, ka dubi layin da take naɗewa a bayan wuya. Nan ne wurin da yake fara mutuwa. Idan zare ya fara tashi ko wurin ya yi fari-fari, kwananta ya ƙare. Ka dubi bakin hannu ta gefen da yake gogar teburi. Ka juya ta ciki ka dubi hammata: tabon zufa da ya yi rawaya ya kuma ƙandare ba ya fita, ka yarda da mu. Sannan ka ɗaga ta tsakaninka da rana, ƙananan hujojin asu da wuraren da yadi ya yi shara-shara a gwiwar hannu za su bayyana. Maɓallin da ya ɓace ba matsala ba ne, sau da yawa ma akwai na ajiya a ɗinke a ƙasan rigar ta ciki. Ka lura da tsawonta, ta sauko ta rufe mazaunai, in ba haka ba za ta riƙa fita daga wando duk ruku'u. Hannun kuma ya naɗu har sama da gwiwar hannu ba da kokawa ba, saboda alwala. Idan akwai rubutu ko tambari a ƙirji, ka karanta, ko ka sa wanda ya iya harshen ya karanta maka. Akwai tallan giya, akwai batsa, akwai rigar ma'aikatan wani kanti, kuma ɗalibanka za su karanta ko da kai ba ka karanta ba.

Wando daga hantsa ake fara shi, inda naka ya ba ka kunya. Ka juya shi, ka kama yadin tsakanin cinyoyi da hannu biyu ka ja a hankali, ka ɗaga shi ga haske. In haske yana ratsawa ko wurin ya yi ƙuraje-ƙurajen zare, gogayya ta cinye shi. Tela zai iya ɗinke ɗinkin da ya warware, amma yadin da ya mutu ko an yi masa faci gefen facin zai sake yagewa. Ka ja zif sama da ƙasa sau uku, ka zura hannu cikin kowane aljihu har ƙasa, ka dubi kalmasar ƙafa ta baya inda dunduniya take takawa. Wando mai ɗan roba a jiki, wanda takardarsa ta ce élasthanne, idan ka ga gwiwarsa ta kumbura ko yadin ya yi tudu-tudu, robar ta saki, ba ta dawowa. In an ba ka damar gwadawa, ka tsuguna har ƙasa kamar za ka zauna tahiya. Wandon da ya hana ka wannan ba naka ba ne.

Daga cikin kuɗin ka ware wa tela da sabulu jaka 7 ko 8 tun farko, kada ka taɓa su. A ganinmu wannan ne kuɗin da ya fi kowanne yin aiki, don abin da mutane suke gani su ce kaya masu tsada ne, yawanci kaya ne da suka zauna a jiki. Tela yana rage tsawon wando, ya tsuke ƙafa (faɗin santimita 18 ko 19 a shimfiɗe yana dacewa da yawancin samari), ya rage ƙugu ta ɗinkin baya har santimita 5. Fiye da haka aljihunan baya za su taho su haɗu. Yana tsuke gefen riga, ya rage tsawon hannu, wanda ya ƙware ma yana juya kwalar da ta fara lalacewa. Ƙara faɗi kuwa sai in an bar rarar yadi a ciki, kuma a wandon auduga tsohon layin ɗinki yakan bar shaida. Ma'ana, in za ka kuskure, ka kuskure ta wajen girma kaɗan. Sai ka wanke kaya sun gama tsukewa sannan ka kai masa, ka kuma tafi da takalmin da za ka riƙa sawa don ya yanke tsawo a kansa. Takalmi da bel ka ware musu kamar jaka 10, sauran 22 ko 23 su tafi a riguna da wanduna, a zuwa uku ko huɗu. Singileti, gajeren wando na ciki da safa, waɗannan sababbi za ka saya.

A ciniki kada ka rungume rigar da ta kwanta maka kana murmushi. Ka ware uku ko huɗu, ka duba su duka, ka nuna aibin da ka gani da gaske, ban da ƙage. Ka taya ƙasa da abin da ka yi niyyar biya don ka samu wurin hawa; in ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, in bai sallama ba ka yi godiya ka matsa gaba. Sayen biyu ko uku a hannu ɗaya ya fi kawo ragi. Idan ka samu mai gaskiya, ka riƙe shi, ka ba shi awonka a takarda. Wanda ya san kai mai dawowa ne zai riƙa ajiye maka kafin masu shaguna su iso.

Yanzu wanki, wanda shi ne maganin wari da ƙaiƙayi. Warin dila haɗin magungunan da ake fesa wa kaya ne da daɗewa a matse cikin leda, kuma ragowar maganin kan sa fata ƙaiƙayi. Kada kayan su shiga ɗakin kwana daga kasuwa, su tsaya a tsakar gida. Ka haɗa tafasasshen ruwa da na famfo rabi da rabi, wannan yana ba ka kusan maki 60, zafin da yake kashe ƙwarƙwata da kuɗin cizo da ƙwayar ƙazwa. Ka zuba garin sabulu, ka jiƙa kayan auduga minti 30, farare daban, masu launi daban, don wasu suna zuba. Ka wanke, ka ɗauraye, sannan ka sake jiƙa su awa ɗaya a bokitin lita 10 da kofi ɗaya na farin binega, ka ɗauraye. Farare a shanya a rana, masu launi a juya cikinsu waje a shanya a inuwa mai iska. In wari bai gama fita ba, a maimaita. Sau biyu yakan isa. Turare a kan warin dila ƙara dagula shi yake yi. Ruwan jabel kuma, wato bilic ɗin da ake wanke fararen kaya da shi, kada ka taɓa haɗa shi da binega, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, kuma jabel yana ƙara wa tabon zufa rawaya maimakon ya cire shi. Abin da ba ya son ruwan zafi, kamar ulu, a ɗaure shi a baƙar leda a ajiye a rana mako guda. A ƙarshe guga mai zafi, ana bin ɗinki-ɗinki ta ciki. Wando mai duhu a goge shi ta ciki ko a ɗora ƙyalle mai laima, in ba haka ba zai yi ƙyalli a gwiwa da mazaunai. Idan dutsen gawayi ne, a yi hattara da tartsatsi, huji ɗaya ya isa.

Ƙaiƙayin da ya lafa bayan ka daina sa kayan, ragowar maganin da aka fesa wa dila ne ya jawo shi. Amma in yana tsananta da dare, da ƙananan ƙuraje tsakanin yatsu ko a wuyan hannu ko a ƙugu, ka je asibiti, domin ƙazwa ba ta tafiya da kanta kuma akan yi wa mutanen gida magani tare.

Takalmi ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa a ƙafarka. Ka lanƙwasa ƙasansa da ƙarfi, ka danna farce. Akwai wata irin robar ƙasan takalmi da take ruɓewa idan ta daɗe a ajiye. A ido sabuwa ce, amma kwana biyu a kan kwalta sai ta fara marmashewa kamar busasshen burodi. In ka ga ƙananan tsagu ko ta yi danƙo, ka bar shi. Wanda aka ɗinke ƙasansa da zare ya fi wanda aka manne da gam, don mai gyaran takalmi zai iya sake masa ƙasa. Fata ta gaske tana yin ƙananan layuka idan an lanƙwasa ta, ta jabu kuwa tana ɓarewa kamar bawo. Ka dubi dunduniya: in ta ci gefe ɗaya sosai, takalmin ya riga ya koyi tafiyar wani. Ruwan ƙasa ya fi baƙi ɓoye ƙura, marar igiya kuma ya fi sauƙin cirewa a ƙofar masallaci. Ka goge cikinsa da alkol na kantin magani, ka shanya, ka sa sabon shimfiɗi a ciki. Bel ya bi launin takalmi.

Kwat kada ka saya yanzu. Ba ka buƙatarsa a aji, kuma shi ne ya fi komai wuyar dacewa. In ranar sayensa ta zo, ka shafa ƙirjinsa, idan ya yi ƙananan kumburi to gam ɗin ciki ya saki, guga ba ta gyara shi. Abin da za ka buƙata shi ne rigar sanyi guda ɗaya marar rubutu, shuɗi mai duhu ko ruwan toka, mai buɗaɗɗen wuya da kwalar shat za ta leƙo, saboda safiyar Disamba da Janairu a kan mashin. Ka saye ta da albashin Oktoba, kafin hunturu ya sauko kowa ya tuna da ita.